Gansakukar Ruwa da Yadda A Ke Girbinta da Lantarki

Filin Manoma, daga Malamin Gona, Tsanyawa

Ga shi bazara ta kama, rana ta buɗe, ruwan kududdufai ya ja baya. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina a kwanakin nan, daga Bichi har ya wuce Tsanyawa, zai ga ragowar ruwan da ke cikin ramukan da aka ɗebi ƙasar gini ya rikiɗe ya zama kore shar, wani ma har da kumfa a bakinsa kamar an zuba fenti. Haka abin ya ke a Dumbulum da 'Yankamaye da Daddarawa, haka kuma a tafkunan masu kiwon kifi. Wannan koren abu shi ne mu ke kira gansakuka, kuma a kansa za mu yi magana a wannan mako.

Dalilin maganar kuwa shi ne, kwanan baya wani dattijo ya tare ni a kasuwa, bayan mun gaisa sai ya ce, "Malam, yarona ya nuna mini a waya, wai Turawa suna tsame koren nan na ruwa da wutar lantarki, su shanya, su sayar da tsada. Ni kuwa ga kududdufi a bayan gidana, ga farantin sola a kan soro. Me zai hana in tsame in ba awaki, in huta da sayen dusa?" Na ce, "Baba, abin da yaro ya nuna maka gaskiya ne, amma don Allah kada ka ba awakin tukuna, ka saurari sauran labarin." Tun da ya ke na san ba shi kaɗai ya ga wannan abu a waya ba, shi ya sa na ga ya kamata in kawo sauran labarin a nan, kowa ya ji.

Mece ce gansakuka?

Gansakuka tsiro ce, sai dai ba ta da saiwa, ba ta da kara, ba ta da ganye. Akwai mai zare-zare kamar gashi, wadda ke kama jikin randa da bakin rijiya. Akwai kuma wadda ke yawo cikin ruwa, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganin ƙwaya ɗaya sai da madubin likita. Ita ce ke rina ruwa ya zama kore. Irinta da yawa ne, sun kai dubbai. Wata da a ke kira kulorela, wadda wani masani na ƙasar Holan ya fara bayyanawa a 1890, in ka jera ƙwayoyinta ɗari zuwa ɗari biyar, da ƙyar su cika milimita ɗaya, watau kaurin farce.

Abincinta shi ne abincin gero da dawa: hasken rana, da iska, da ruwa, da taki. Sabo da haka duk ruwan da kashin shanu ya shiga, ko ruwan wanki, ko kwatamin gida, ko yuriya da kamfa da ruwan sama ya wanko daga gona, to, an yi wa gansakuka shimfiɗa. In zafi ya zo, ruwa ya ragu, takin da ke ciki ya yi kauri, sai ta hau yaɗuwa. Waɗansu irinta su kan ninka kansu cikin yini guda. Ba wata shuka a gonakinmu da ke da wannan sauri, kuma saurin nan shi ya jawo hankalin masana gare ta, suna neman abincin mutane da na dabbobi da na kifi, har da man da za a zuba a inji.

Matan Kanem sun riga Turawa

Kada mu ɗauka cin gansakuka dabarar Turawa ce. Maƙwabtanmu na gabas sun daɗe suna yi. A ƙasar Kanem, arewa maso gabas da Tafkin Cadi, akwai ƙananan tafkuna masu kanwa a tsakanin tuddan rairayi. Fatakenmu masu sayen kanwa da ungurnu sun san wannan yanki. A cikin tafkunan nan wata irin gansakuka ke fitowa, mai suna sifirulina, domin in an dube ta a madubi a murɗe ta ke kamar sifirin. Mutanen Kanembu suna kiran busasshiyarta dihe.

Ga yadda su ke yi. Da safe, in iska ta kora koren zuwa gefe ɗaya, mata su kan shiga ruwa da kwanoni da tukwane su yaɗe shi. Sai su hau tudu, su yi wani ɗan gurbi mai faɗi a cikin rairayi mai tsabta, su juye. Ruwa ya tsotse cikin rairayi, koren ya zauna a bisa kamar ƙullu. In ya fara bushewa sai su yayyanka shi gida-gida, rana ta ƙarasa, a kwashe a kai kasuwannin Mawo da Masakori da Injamena. A gida a kan jiƙa shi, a tace rairayin, a yi miya da shi a ci da tuwon gero. Wani bincike da aka buga a shekara ta 2000 ya nuna tafki guda, mai suna Kosorom, yana ba da busasshen dihe wajen tan 40 a shekara.

Turawa ba su ji labarinsa ba sai a 1940, sa'ad da wani masanin Faransa mai suna Pierre Dangeard ya duba wanda aka aika masa daga kasuwa. Ba a kula da maganarsa sosai ba, sai wajen 1964 zuwa 1965, da wani masanin tsirrai na Beljiyam, Jean Léonard, ya ratsa Sahara ya ga a na sayar da shi a kasuwar Fort-Lamy, wadda yanzu ita ce Injamena. Da aka auna sai aka tarar kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na nauyin busasshiyar sifirulina furotin ne, watau sinadarin gina jiki. Ku gwada da waken suya, wanda ke da wajen kashi 40, da ƙuli-ƙuli mai wajen kashi 45. Har wa yau aka tuna cewa mutanen Aztek na ƙasar Meksiko suna cin irin wannan abu daga Tafkin Teskoko tun kafin Sifaniyawa su isa can a ƙarni na 16. Yau a na noman sifirulina a manyan kwamaye a Sin da Indiya da Amurka, a na kuma yi a ƙananan gonaki a Afirka ta Yamma, kamar a Kudugu ta Burkina Faso.

Inda wahalar ta ke

Shuka gansakuka ba wuya, girbinta shi ne aiki. Sifirulina tana da sauƙi, gama zare ce mai ɗan tsawo, yadi mai laushi ko rairayi ya kan tare ta. Amma ƙananan irin su kulorela, in ka zuba ruwansu a rariya ko a ƙyalle, sai su wuce tare da ruwan, in kuwa ƙyallen ya cika matsi sai ya toshe nan da nan.

Wahala ta biyu ita ce yawan ruwa. Kwamin da aka yi wa taki sosai, wanda ya yi kore har ba a ganin ƙasansa, bai fi ya ƙunshi rabin giram na busasshiyar gansakuka a lita ɗaya ba. Watau duro mai lita 200 zai ba ka giram 100 kaɗai. Kafin ka sami kilo guda sai ka raba shi da ruwa duro goma. Ku kwatanta da mutumin da aka watsa masa mudun gero cikin rairayi buhu ɗari, aka ce ya tsince.

Wahala ta uku ita ce ba ta kwanciya. In ka ɗebo ruwan laka ka ajiye, da safe za ka ga lakar ta kwanta. Koren ruwa kuwa sai ya kwana biyu bai kwanta ba. Dalili shi ne kowace ƙwaya tana ɗauke da wani ɗan ƙarfin lantarki a fatarta, irin na ɓangaren batir mai alamar ɗebewa. Duk wanda ya taɓa wasa da maganaɗisu biyu ya san in aka haɗa kai iri ɗaya sai su ture juna. Haka ƙwayoyin nan ke ture juna, ba su yarda su haɗu su yi nauyin da za su nutse.

Manyan kamfanoni suna amfani da wani inji mai jujjuya ruwa da gudun tsiya har koren ya manne a gefe. Injin yana aiki, amma yana da tsada, yana kuma shan wuta. Masu lissafi sun ce girbi kaɗai ya kan cinye kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na kuɗin noman gansakuka. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Daga alif zuwa lantarki

Iyayenmu mata sun san maganin ruwa mai duhu. In aka ɗebo ruwan tafki sai a jefa ɗan alif, wanda waɗansu ke kira alam, a motsa, jim kaɗan dattin ya dunƙule ya kwanta. Da shi kuma a ke tace ruwan famfo a gidajen ruwa irin na Tamburawa da Challawa. Sirrin alif shi ne akwai alminiyam a cikinsa, ƙarfen nan mara nauyi da maƙera ke zuba tukwane da shi. In ya narke a ruwa yana ɗauke da ƙarfin lantarki mai alamar tarawa, kishiyar wanda ke jikin laka da gansakuka. Sai ya kashe musu ƙarfin turewar nan, su manne da juna, su yi gudaji. Garin ƙwayar zogale ma haka ya ke aiki, matan Sudan sun daɗe suna tace ruwan Kogin Nilu da shi.

To, dabarar lantarki ita ce a ƙera alif ɗin a cikin ruwan, maimakon a sayo shi. A kan tsoma faranti biyu na alminiyam, ko na baƙin ƙarfe, kusa da juna amma ba su taɓa juna ba. A ɗaura wa ɗaya jar waya daga batir, ɗayan kuma baƙar waya. Da wuta ta bi ta cikin ruwan sai abu biyu su faru a lokaci guda. Farantin jar waya ya riƙa narkewa kaɗan-kaɗan, yana sakin alminiyam cikin ruwa, shi kuwa ya kama ƙwayoyin gansakuka ya dunƙule su. Farantin baƙar waya kuma ya riƙa fasa ruwa, yana fitar da ƙananan kumfa na wata iska mara nauyi mai suna haidurojin. Kumfan nan su ke mannewa a jikin gudajin su ɗago shi bisa, ya taru kamar kumfar miya, sai a yaɗe da ludayi ko da allo. Ruwan ƙasa kuwa ya koma garau.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun a 1889 wani Bature, William Webster, ya gwada tsabtace ruwan ƙazantar birnin Landan da farantan ƙarfe da lantarki. Daga baya aka watsar da ita, domin wuta na da tsada a zamanin, alif kuwa na da araha. Yanzu da farantin sola ya yi sauƙi, an sake waiwayarta. Akwai kuma ƙa'idar lissafi da Michael Faraday na Ingila ya gano tun wajen 1833, wadda ke nuna yawan ƙarfen da zai narke. Wuta mai ƙarfin amfiya ɗaya, in ta yi awa ɗaya tana bi, za ta narkar da wajen sulusin giram na alminiyam, ko giram ɗaya na baƙin ƙarfe. Ashe dai faranti ba ya dawwama, cinyewa ya ke yi, sai an sake sayen wani.

Gani ya kori ji

Don kada in faɗa muku abin da ban gani ba, na gwada da kaina. Na ɗebo koren ruwa daga tafkin kifi, na cika wata farar roba mai cin lita ɗaya da rabi. Na yanko falle biyu daga tsohon murfin tukunya, kowane kamar yatsu uku a faɗi, na goge su da rairayi har suka yi haske. Na sa ɗan tsinke a tsakaninsu don kada su haɗu, na ɗaura su a batir mai bolt 12. Nan da nan kumfa suka fara tashi daga falle ɗaya. Kafin rabin awa koren ya dunƙule ya taso bisa, har ina hango yatsana ta bayan robar.

Da na ga haka sai na ɗauko bokiti babba na maimaita da fallayen nan guda biyu. Nan fa na ga iyakar abin. Na yi sallar azahar na dawo, na yi la'asar na dawo, ruwa bai gama washewa ba. Ruwan daɗi ba ya barin wuta ta bi shi sosai, shi ya sa aikin ke tafiya a hankali. Da na barbaɗa ɗan gishiri sai kumfan suka ƙaru. Na kuma lura fallayen sun yi wani fari-fari a jiki wanda ke rage musu ƙarfi, sai an goge, ko a riƙa sauya wayoyin lokaci-lokaci.

Duk mai son ya gwada don ya nuna wa 'yan makaranta, to, ya kiyaye abu uku. Ya yi da batir ko ƙaramin farantin sola, kada ya kuskura ya sa wutar gida ko ta janareto a ruwa, wannan kisa ce. Ya yi a fili inda iska ke kaɗawa, nesa da murhu da taba, domin haidurojin na kama wuta. Kada kuma ya bar fallayen su taɓa juna, batir zai yi zafi ya lalace.

Mu zo ga lissafi

A 2011 masu bincike na Jami'ar Leuven ta Beljiyam sun auna wannan dabara a hankali. Suka tarar farantin alminiyam ya fi na baƙin ƙarfe aiki. Suka tarar kuma girbin kilo ɗaya na kulorela daga ruwan daɗi yana cin wuta wajen yunit 2, irin yunit ɗin da mita ke ƙirgawa, amma gansakukar ruwan teku ba ta ci fiye da wajen sulusin yunit ba, sabo da gishiri na taimakon wuta. Wannan ya fi injin juyi sauƙi, musamman ga ruwan gishiri, shi ya sa kamfanoni ke sha'awar abin.

Amma mu sauko da lissafin zuwa Tsanyawa. Farantin sola mai wat 300, a ranar da gari ya yi haske, zai ba da wajen yunit ɗaya da rabi. Watau wutar yini guda ba ta isa girbin kilo ɗaya ba, bayan ka jawo ruwa duro goma, ka sayi faranti, ka shanya. Wannan ma in ruwan na kwami ne da aka yi wa taki, ruwan kududdufi sau da yawa bai kai haka kauri ba. In furotin ka ke nema wa awakinka, kilo biyu na ƙuli-ƙuli ko na waken suya sun ba ka fiye da abin da ke cikin kilon nan, ba ka taɓa waya ba. Harawa da kowar gyaɗa ma suna nan.

Har wa yau akwai sauran magana. Alminiyam ɗin da ya narke bai tafi ko'ina ba, yana cikin gudajin da ka yaɗe. Ga mai son yin man inji wannan ba kome ba ne, amma ga abin da dabba ko mutum zai ci, aibi ne. Don haka masana ke gwada faranti na gawayi irin wanda ke cikin batirin tocila, wanda ba ya narkewa, sai dai shi kuma ya fi cin wuta. Har yanzu a na kan bincike.

Kama da wane ba ta wane

Yanzu ga abin da ya sa na hana dattijon nan ba awakinsa. Sifirulina tana cikin wani dangi da a ke kira gansakuka mai shuɗi-kore. A cikin dangin nan akwai 'yan'uwanta masu dafi, mafi shahara ita ce maikurosistis, wadda ke son ruwan daɗi mai ɗumi, mai taki, wanda ba ya gudu, watau dai irin kududdufinmu a bazara. Abin da ya tsare matan Kanem shi ne kanwa. Ruwan tafkunansu yana da kanwa ƙwarai, har yawancin sauran irin ba su iya rayuwa a ciki, sai sifirulina ta mamaye. Ruwanmu ba haka ya ke ba, kowane iri na iya fitowa, ido kuwa ba ya rarrabewa.

Dafin maikurosistis hanta ya ke kamawa. Waɗansu danginta kuma dafinsu jijiyoyi ya ke bi, ya kashe dabba cikin awa kaɗan. Tun a 1878 wani mai suna George Francis ya rubuta yadda tumaki da dawaki da karnuka da aladu suka mutu bayan sun sha koren ruwa a Tafkin Alexandrina na Ostareliya. A 1996, a garin Caruaru na Birazil, mutum fiye da 50 masu wankin ƙoda sun rasu domin ruwan da aka yi musu aiki da shi ya fito daga tafki mai wannan dafi. A 2020 giwaye fiye da 300 suka mutu a Botsuwana, gwamnatin ƙasar ta ce dafin gansakuka ne a ramukan shan ruwansu. Abin da ya kayar da giwa, ina akuya?

Ku lura da wannan ƙwarai: tafasa ruwa ba ya kashe dafin. Alif da zogale da lantarki suna kwashe ƙwayoyin, amma dafin da ya riga ya narke cikin ruwa yana nan. Ruwa na iya yin garau a ido alhali da guba a ciki. Wanda kuma ya tsame koren ya shanya ya zuba wa dabba, ya tara mata gubar duro goma ke nan a kwano ɗaya.

Alamun dabbar da ta sha su ne kasala, da tangaɗi, da dalalar miyau, da zawo, da numfashi da ƙyar, wani lokaci kuma sai dai a tarar da ita a mace kusa da ruwa. Wadda ta tsira ta kan yi shawara, fatarta kuma, musamman inda ta ke fara, ta riƙa ƙuna da saɓulewa a rana. Wanda ya ga haka ya janye sauran garken daga ruwan nan take, ya sa marar lafiyar a inuwa, ya nemi malamin dabbobi. Kada a ci naman wadda ta mutu, balle hantarta.

Abin da manomi zai yi

Na farko, ka duba ruwa kafin ka shayar. Ka tsoma sanda ka ɗago. In ta fito da zare-zare kamar gashi, galibi wannan ba mai dafi ba ce. In ta fito kamar an shafa mata fenti, ka yi hattara. Ko kuma ka cika kwalba da ruwan, ka ajiye a wuri mai sanyi ya kwana. In koren ya kwanta a ƙasa, da sauƙi. In ya taso ya yi zobe a wuyan kwalba, to, dangin masu dafi ne. Wannan gwaji ba ya yanke hukunci kamar na ɗakin bincike, amma ya isa ya sa ka nemi rijiya ko burtsatse.

Na biyu, in ba makawa sai an sha daga kududdufi, a lura da inda iska ke kaɗawa. Iska tana tara kumfar a gefen da ta nufa, sai a kai dabbobi ɗaya gefen. Ya fi kyau a ɗebo a zuba musu a kwami da a bar su su shiga ciki suna kashi da fitsari. A hana yara wanka a irin wannan ruwa, yana kawo ƙaiƙayi da jan ido da ciwon ciki.

Na uku, a rage wa gansakuka abinci. Kada a tara juji ko a kafa turke a bakin kududdufi. Kada a karkatar da kwatami ciki. Masu noman rani a fadamu da wuraren madatsar ruwa irin ta Watari a Bagwai su zuba taki gwargwado, su binne shi, kada su watsa shi a bisa ruwa ya kwashe. Takin da ya tafi tafki hasara biyu ce, gona ba ta ci ba, ruwa kuma ya ɓaci. A bar ciyawa ta tsaya a gefen ruwa, tana tare takin da ke gangarowa.

Na huɗu, ga masu kiwon kifi. Ɗan kore a tafki alheri ne, karfasa na cinsa, ƙananan halittun da 'ya'yan kifi ke ci su ma da shi su ke rayuwa. Amma in ya yi yawa sai ya zama masifa, domin da rana yana ba ruwa iskar shaƙa, da dare kuwa shanye ta ya ke yi. Shi ya sa a ke tarar da kifi da asuba sun taso suna haki, wani lokaci a wayi gari sun mutu. Ka tsoma hannunka. In kana ganin tafinka har ruwa ya kusa gwiwar hannu, lafiya. In ya ɓace tun ruwa bai wuce wuyan hannu da yawa ba, ka rage abinci, ka sauya wani sashi na ruwan. Wanda ka fitar kuma kada ka zubar a banza, ka kai shi gindin mangwaro ko ayaba ko masara, taki ne. Sai dai in ya yi kumfa irin ta fenti, kada a zuba shi a kan latas da sauran ganyen da a ke ci ɗanye.

Na biyar, ga ƙungiyoyin manoma da na mata masu son su gwada sana'ar. Hanyar da ta dace da mu ita ce ta Kanem, watau sifirulina, domin ba ta bukatar lantarki wajen girbi, yadi ya isa. Muna da rana, muna da zafi, kanwa kuwa tana kowace kasuwa. A kan yi kwami na siminti ko na leda mai kauri, zurfin ruwa wajen santimita 20, a sa ruwa mai tsabta da kanwa da gishiri da ɗan taki, a riƙa motsawa. Kowane murabba'in mita ya kan ba da wajen giram 5 zuwa 10 na busasshiya a yini lokacin zafi, da hunturu kuwa sai ta ja baya. Amma sharaɗi biyu ne. Dole irin ya zama tsantsa daga hannun masana, ba daga kududdufi ba. Dole kuma a sami wanda ya koyi aikin, mai madubin da zai riƙa dubawa. Kafin a zuba kuɗi a tabbatar da mai saye, gama miyar dihe ba ta shiga tukunyar Bahaushe ba tukuna.

Dattijon nan da na ba ku labari, na koma gidansa bayan kwana uku muka yi gwajin kwalba da ruwan kududdufinsa. Da gari ya waye koren ya taso ya yi zobe a wuya. Ya dube shi ya ce, "Malam, ashe da na yi wa kaina." Yanzu ya kewaye gefen da awaki ke sauka da ƙaya, yana jawo musu ruwan rijiya. Farantin solarsa kuwa na ba shi shawara ya haɗa shi da ƙaramin famfo, ya fi masa riba.

Wanda ke da tambaya a kan wannan, ko ya ga dabbobi sun mutu a bakin wani ruwa a garinsu, ya rubuto wa Edita, ya faɗi sunan garin da watan da abin ya faru, za mu amsa a wannan fili. Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu yi magana a kan gyaran iri da gwajin tsirowarsa kafin ruwan shuka ya sauka. Allah ya tsare mana dabbobinmu, ya ba mu damina mai albarka, amin.